Kuskuren ɓacewar fayil na DLL a wasannin kwamfuta

Kuskuren ɓacewar fayil na DLL saƙo ne da babbar manhajar Windows ke nunawa idan aka buɗe wani shiri, musamman wasan bidiyo, amma kwamfutar ta kasa samun ɗaya daga cikin fayilolin da shirin ya dogara da su. Saƙon yakan ambaci sunan fayil ɗin, kamar steam_api64.dll ko MSVCP140.dll, ya ce ba a same shi ba, sannan ya ba da shawarar a sake girka shirin. Ana cin karo da shi a wasannin da aka saya ta halastacciyar hanya, amma an fi saninsa da wasannin satar fasaha, wato waɗanda aka fasa kullensu aka rarraba ba da izinin masu haƙƙin mallaka ba.

Saƙon kusan iri ɗaya ne a kodayaushe, amma abin da ke haddasa shi ya bambanta. Wani lokaci kwamfutar ce ba ta da wani tallafi da wasan ke buƙata. Wani lokaci kuma fayil ɗin ya zo tare da wasan, sai manhajar riga-kafi ta ɗauke shi ta killace saboda ta zarge shi. Wannan yanayi na biyu shi ne ya haifar da al'adar kashe riga-kafi kafin a girka wasan sata, al'adar da masu yaɗa miyagun manhajoji suka daɗe suna cin moriyarta.

Ma'anar DLL

DLL gajarta ce ta dynamic-link library a Turanci, wato laburaren da ake haɗawa da shiri a lokacin da yake aiki. Laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne. Fayil ne da ke ɗauke da umarnin kwamfuta da aka riga aka rubuta domin wasu ayyuka da ake yawan maimaitawa, kamar zana hoto a fuskar kwamfuta, fitar da sauti, ko karanta abin da ɗan wasa ya danna. Maimakon kowane mai rubuta shiri ya sake rubuta waɗannan ayyuka, sai ya nemi aronsu daga laburare. Shirye-shirye da yawa suna iya amfani da fayil guda a lokaci guda.

Wannan tsari yana rage girman shirye-shirye, kuma yana ba da damar gyara laburare ba tare da an taɓa shirin da ke amfani da shi ba. Illarsa ita ce dogaro. A cikin babban fayil na wasa, wanda sunansa ke ƙarewa da .exe, akwai jerin laburarorin da yake buƙata. Da zarar an danna shi, Windows na bin jerin ɗaya bayan ɗaya kafin wasan ya fara komai. Idan guda ɗaya ya yi ɓatan dabo, sai ta tsayar da aikin gaba ɗaya ta nuna saƙon kuskure, ko da sauran fayilolin wasan masu nauyin gigabait hamsin suna nan lafiya lau.

Windows tana da tsarin da take bi wajen nema. Ban da wasu laburarori nata da ta riga ta san inda suke, takan fara duba foldar da shirin yake, sannan foldar tsarin Windows, daga baya sauran wuraren da aka yi mata rajistarsu. Fara duba foldar shirin shi ne ya sa sauya fayil ɗaya a cikin foldar wasa ke iya canza halin wasan baki ɗaya.

Abin da sunan fayil ke nunawa

Sunan da ya bayyana a saƙon yakan nuna inda matsalar take. Fayilolin da sunansu ya fara da MSVCR, MSVCP ko VCRUNTIME na tallafin Visual C++ ne na kamfanin Microsoft, kuma lambar da ke ƙarshensu tana nuna zubin da ake nema. MSVCR100.dll na zubin 2010 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR120.dll na 2013, su kuwa MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll na zubin 2015 ne da waɗanda suka biyo bayansa. Sabon zubi ba ya maye gurbin na 2010 ko na 2013, shi ya sa ake ganin zubi da yawa a jere a kwamfuta ɗaya.

Fayiloli irin su d3dx9_43.dll da xinput1_3.dll na DirectX ne, tallafin Microsoft na hoto da sauti da na'urar riƙewa ta wasa. Waɗannan tsofaffin sassa ba sa zuwa da sababbin Windows kai tsaye, ana samunsu ne a kunshin da Microsoft ta fitar a watan Yuni na 2010. Mai sabuwar kwamfuta da ke da DirectX 12 zai iya samun wannan kuskure a wasan da ya shekara goma sha biyar.

Dandalin sayar da wasanni kamar Steam yakan girka waɗannan tallafi da kansa a karon farko da aka buɗe wasa. Wasan da aka kwafa ta filas daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba ya bi ta wannan mataki, don haka ɓacewar irin waɗannan fayiloli ba ta da alaƙa da riga-kafi a mafi yawan lokuta.

Akwai wani kuskure mai kama da wannan mai lamba 0xc000007b, wanda yakan fito idan an haɗa laburare mai bit 32 da shiri mai bit 64 ko akasin haka. Sunayen foldojin Windows ma suna ƙara ruɗa mutane: a kwamfuta mai bit 64, foldar System32 ce ke ɗauke da laburarori masu bit 64, ita kuwa SysWOW64 ke ɗauke da masu bit 32. Wanda ya bi lambar da ke jikin sunan zai sa fayil a inda bai dace ba.

Saƙonnin da ke ambaton ISDone.dll da unarc.dll wani abu ne dabam. Suna fitowa ne yayin girka wasannin da aka matse girmansu sosai domin rage datar da za a kashe wajen saukewa. Yawanci waɗannan fayiloli ba su ɓace ba, su ne ma ke kawo rahoton cewa warware matsin ya ci tura, saboda kunshin ya lalace a hanya, ko sarari ya ƙare, ko ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar ta yi kaɗan.

Rukunin da ya rage shi ne na fayilolin dandalin sayarwa, kamar steam_api.dll da steam_api64.dll. Waɗannan suna zuwa ne a cikin foldar wasan kanta, ba Windows ke samar da su ba. Idan su ne suka ɓace daga wasan sata, kusan kodayaushe riga-kafi ce ta ɗauke su.

Kullen wasanni da fasa shi

Kamfanonin wasanni sun daɗe suna sa kulle domin hana kwafa. A zamanin faifan CD da DVD an yi amfani da SafeDisc da SecuROM da StarForce, waɗanda ke tabbatar da cewa faifan asali yana cikin kwamfuta. Bayan kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, sai tabbatarwa ta riƙa komawa kan asusun mai saye. A 2014 kuma aka fara amfani da Denuvo, wata fasaha da aka ƙirƙira a Ostiriya, wadda aikinta shi ne wahalar da duk mai son taɓa umarnin da ke cikin wasan. Kamfanin Irdeto ya saye ta a 2018.

A wasan da aka saya a Steam, steam_api64.dll shi ne ɗan aiken da ke tsakanin wasan da manhajar Steam. Ta hanyarsa wasan ke sanin wanda ke wasa, da abin da ya mallaka, da nasarorin da ya samu. Masu fasa kulle sukan maye gurbinsa da wani fayil mai suna iri ɗaya wanda ke kwaikwayon Steam, yana ba wasan amsar da yake son ji. Saboda sunan bai canza ba, kuma Windows na fara duba foldar wasan, sai ta ɗauki na jabun ta miƙa. Wannan sauyayyen fayil shi ake kira kirak, kuma shi ne riga-kafi ke yawan kamawa.

Dalilin da riga-kafi ke kama fayil ɗin

Manhajar riga-kafi tana gane barazana ta hanyoyi da dama. Tana kwatanta fayil da tarin alamomin miyagun manhajojin da aka riga aka sani. Tana duba yadda aka gina fayil ɗin ko yana da siffofin da ake zargi. Tana lura da abin da yake yi idan ya fara aiki. Tana kuma duba sunan da ya yi, wato ko yana da sa hannun wani kamfani da aka sani, da kuma yawan kwamfutocin da aka taɓa ganinsa a cikinsu.

Kirak yakan faɗi a kusan duk waɗannan gwaje-gwaje. Yana ɗauke da sunan fayil na wani kamfani amma abin da ke cikinsa ba na kamfanin ba ne, kuma ba shi da ingantaccen sa hannu. Yakan sauya umarnin wani shiri a lokacin da shirin ke aiki, abin da ƙwayoyin cutar kwamfuta ma ke yi. Sau da yawa an naɗe shi da manhajojin ɓoye umarni irin su VMProtect ko Themida, domin kada kamfanin wasa ko abokan hamayya su gane yadda aka yi. Masu rubuta miyagun manhajoji ma da irin waɗannan kayan suke ɓoye nasu aikin, don haka riga-kafi ba ta iya leƙa cikin fayil ɗin ta bambance wanda kulle kawai yake fasawa da wanda ke ɗauke da wani abu ƙari.

Idan ta kama fayil, ba kasafai take goge shi nan take ba. Takan mayar da shi wani keɓaɓɓen wuri inda ba zai iya aiki ba. Ana kiran wannan killacewa, kalmar da aka aro daga fannin lafiya kamar yadda aka aro ƙwayar cuta da riga-kafi, kuma masu jin Hausa sun saba da ita sosai tun zamanin annobar korona. Killacewar takan faru a asirce yayin da ake kwafar wasan ko warware kunshinsa, sanarwar da ta bayyana a gefen fuskar kwamfuta ta ɓace cikin daƙiƙoƙi. Sai an zo buɗe wasan ne za a ga saƙon cewa fayil ya ɓace. Saƙon ba ya ambaton riga-kafi ko kaɗan, domin ɓangaren Windows da ke loda shiri bai san dalilin ɓacewar ba, abin da ya sani kawai shi ne ya nema bai samu ba. Shi ya sa shawarar sake girkawa ba ta aiki a nan: duk lokacin da aka sake, fayil ɗin zai sake shiga killace.

Abin ya ƙara yawaita tun daga Windows 8 a 2012, lokacin da Windows Defender ta zama cikakkiyar riga-kafi da ke zuwa a kunne tare da babbar manhajar. Kafin nan, kwamfutoci da yawa ba su da riga-kafi ko kuma wa'adin tasu ya ƙare.

Ƙararrawar ƙarya da ta gaskiya

Riga-kafi tana yin kuskure, wannan ba a musu. A watan Afrilu na 2010 wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil na Windows kanta, a matsayin ƙwayar cuta, lamarin da ya durƙusar da ɗimbin kwamfutoci masu Windows XP. Ƙananan masu rubuta wasanni na halal ma sukan koka cewa ana kama sababbin fayilolinsu don kawai ba a san su ba tukuna.

Sunan da riga-kafi ta ba abin da ta kama yana da ma'ana. A tsarin Microsoft, suna mai farawa da HackTool, kamar HackTool:Win32/Crack ko HackTool:Win32/Keygen, yana nufin an gane fayil ɗin a matsayin kayan fasa kulle. Suna mai farawa da Trojan yana nufin ana zargin shiri ne da ke ɓoye mugun aiki. Sai dai wannan bambanci bai isa a dogara da shi ba. Fayil guda yana iya zama duka biyun, kuma wasu sunayen na gama-gari ne da na'ura ke bayarwa bisa kamanni kawai. Shafin VirusTotal, wanda aka buɗe a Sifaniya a 2004 kuma Google ta saya a 2012, yana gwada fayil da manhajojin riga-kafi masu yawa a lokaci guda, amma da yake kusan kowane kirak yana tayar da ƙararrawa, sakamakon ba ya raba gardama.

Kunshin wasan sata yakan zo da ɗan rubutu da ke cewa duk gargaɗin da aka gani ƙarya ne, a kashe riga-kafi ko a cire foldar wasan daga binciken da take yi. Wani lokaci maganar gaskiya ce. Matsalar ita ce wanda ya cusa muguwar manhaja a cikin kunshin shi ma abin da zai rubuta ke nan, kalma da kalma, kuma mai saukewa ba shi da hanyar tantance wanne ne a hannunsa. Wasan sata yakan ratsa hannaye da yawa, daga wanda ya fasa kullen zuwa wanda ya matse shi zuwa shafukan da ke kwaikwayon sunayen sanannun masu rarrabawa, kuma kowane hannu yana iya ƙara abin da ya ga dama. Ga shi kuma shirin girkawa yana neman izinin mai gudanarwa, wanda ke ba shi iko a kan kwamfutar baki ɗaya.

Sanannun misalai

A watan Yuni na 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna Crackonosh, sunan da ya haɗa kalmar kirak da Krakonoš, wani aljanin dutse a tatsuniyoyin ƙasar Cek. An ɓoye ta a cikin kwafin sata na wasanni irin su Grand Theft Auto V, NBA 2K19, Far Cry 5, The Sims 4 da Pro Evolution Soccer 2018. Ba ta nuna kanta nan take. Takan jira a sake kunna kwamfutar sau da yawa, sannan ta tilasta mata tashi a yanayin Safe Mode, inda manhajojin riga-kafi ba sa aiki. A nan take kashe Windows Defender, ta goge sauran riga-kafin da ta tarar, ta hana sabunta Windows, har ta sa wata alama ta jabu da ke nuna wa mai kwamfutar cewa tsaronsa yana nan daram. Daga nan sai ta girka XMRig, shirin haƙar kuɗin intanet na Monero, ta riƙa amfani da ƙarfin kwamfutar da wutar lantarkin mai ita. Avast ya ƙiyasta cewa ta shiga kwamfutoci fiye da 222,000, kuma masu ita sun tara Monero da darajarsa ta haura dala miliyan 2.

A wannan watan ne kuma kamfanin Sophos ya ba da labarin wata manhaja mai ban mamaki da ke yawo da sunan wasanni da shirye-shiryen sata. Idan aka danna ta, sai ta nuna saƙon cewa MSVCR100.dll ya ɓace daga kwamfutar. Saƙon na ƙarya ne. Yayin da mutum ke tunanin ya gamu da kuskuren da ya saba gani, ita kuwa tana gyara fayil na HOSTS domin toshe masa shiga shafukan satar fasaha, tana kuma aika sunan abin da ya sauke zuwa wani shafi na waje. Wannan misali ya nuna cewa saƙon ɓacewar DLL ya zama ruwan dare har ana amfani da shi a matsayin lulluɓi.

Manhajar garkuwa da fayiloli ta STOP, wadda ake kuma kira Djvu, ta yaɗu sosai tun daga ƙarshen 2018 ta hanyar kirak da shirye-shiryen samar da lambobin rajista na jabu. Takan kulle hotuna da takardun mutum ta nemi kuɗin fansa. A shekarun baya-bayan nan kuma an fi ganin masu satar bayanai irin su RedLine da Lumma, waɗanda ke kwashe kalmomin sirri da aka adana a manhajar shiga intanet, da bayanan asusun wasanni da na kuɗin intanet. Waɗannan ba sa rage gudun kwamfuta yadda za a lura, kuma wasan yakan yi aiki lafiya, don haka mai ita yakan ɗauka gargaɗin riga-kafin ƙarya ne tun farko.

Shafukan sauke DLL

Wanda ya rubuta sunan fayil ɗin da ya ɓace a injin bincike zai tarar da shafuka masu yawa da ke ba da DLL ɗai-ɗai domin saukewa. Masana tsaron kwamfuta suna gargaɗi a kansu. DLL umarni ne da ke aiki da cikakken izinin shirin da ya loda shi, don haka sa baƙon DLL a folda daidai yake da buɗe baƙon shiri. Dabarar yaudarar shiri ya loda mugun laburare mai sunan na gaskiya sananniya ce, har Microsoft ta fitar da sanarwar tsaro a kanta a watan Agusta na 2010. Ko da fayil ɗin ba shi da cuta, yana iya zama zubin da bai dace ba, ko mai bit 32 a wurin mai bit 64, ko kuma shi ma ya dogara da wasu laburarorin da ba a sauke ba. A wasan sata kuwa, sauke ainihin steam_api64.dll ba ya magance komai, domin na ainihin zai nemi Steam da shaidar saye.

Hanyoyin gyara

Ga fayilolin Visual C++ da DirectX, gyaran shi ne girka cikakken kunshin daga shafin Microsoft, kuma kyauta ne. A kwamfuta mai bit 64 akan buƙaci zubin x86 da na x64 duka, saboda wasanni da yawa masu bit 32 ne. Idan fayil na Windows kanta ne ya lalace, umarnin sfc /scannow yana bincika ya maye gurbinsa. Steam da Epic Games Store suna da zaɓin tantance fayilolin wasa, wanda ke sake sauke duk abin da ya ɓace ko ya lalace.

Tarihin kariya da ke cikin Windows Security yana nuna abin da aka killace, da lokacin, da sunan barazanar, kuma nan ne ake tabbatar da ko riga-kafi ce ta ɗauke fayil. Idan na wasan halal ne, ana iya kai rahoto ga kamfanin riga-kafin ya duba ya gyara alamominsa. Ga wasan sata babu wannan hanya. Dawo da fayil daga killace ko keɓe folda daga bincike yana sa wasan ya tashi, amma keɓaɓɓiyar folda takan zama wurin da duk abin da ya shiga ba a ƙara duba shi. Kwamfutar da aka riga aka buɗe fayil mai cuta a cikinta da izinin mai gudanarwa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a sake girka Windows daga tushe, a kuma canza kalmomin sirri daga wata na'ura dabam.

Matsayin doka

Yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta hukumar WIPO ta 1996 ta buƙaci ƙasashe su ba kullen fasaha kariya ta doka. Amurka ta aiwatar da haka a dokar DMCA ta 1998, wadda ta haramta ƙetare kulle da kuma rarraba kayan ƙetare shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta ƙunshi tanadi a kan ƙetare irin wannan kariya.

Masu sukar kulle suna cewa wani lokaci wanda ya saya da kuɗinsa ne ke shan wahalarsa. Da Windows 10 ta fito a 2015 ta daina karɓar direban SafeDisc saboda dalilan tsaro, sai tsofaffin faifan asali da yawa suka daina aiki a sababbin kwamfutoci. Dandalin GOG, wanda kamfanin CD Projekt na Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da wasanni ba tare da kulle ba, ciki har da tsofaffi da aka gyara domin su yi aiki a Windows na yanzu. Epic Games Store kuma yana raba wasanni kyauta a kai a kai tun daga watan Disamba na 2018.